Mehar da Rijiyar Nihali

A zamanin da, tun kafin mutanen Jat su san garma, makiyaya ne masu bin raƙuma da ɓakanen gida a bakin kogin Sindu. Tsofaffin wani reshe nasu suna cewa wata shekara kogin ya sauya hanya, ciyawa ta ƙone, sai suka nausa arewa. Jagoransu maharbi ne, Mehar, wanda ake yi wa kirari da "Mashi ɗaya, damisa ɗaya, bangon masu tafiya."

Mehar yana da tsohuwar uwa, Nihali, wadda ƙafafunta suka mutu. Wata uku yana goye da ita. Da suka isa wani busasshen tudu tsakanin koguna biyu, jikinta ya ƙi ɗaukar tafiya. Al'adarsu kuwa, wanda ya kasa, a bar masa salkar ruwa a wuce.

Ta ce, "Sauke ni, ɗana. Jama'a na jiranka."

Ya ce, "Bebe," haka suke kiran uwa, "da nake jariri, a ina kika sauke ni?"

Ya miƙa wa ƙaninsa jagoranci, ayari ya wuce. Aka bar su da ɓauna guda mai nono. A rana ta uku ruwa ya ƙare. Ɓaunar ta je gindin wata ƙaya ta durƙusa, ta ƙi tashi. Mehar ya gane ƙamshin ruwa ta ji, nan ya kafa mashinsa ya fara haƙa. Kwana tara yana haƙa, nono kaɗai suke sha, har bakin mashin ya lanƙwashe. Ran na goma ruwa ya ɓullo, mai sanyi.

Sai Nihali ta kwance bakin mayafinta, ga ƙwayoyin alkama da ta taɓa karɓa a musayar man shanu. Ta ce, "Hannun da ya iya kisa, ya koyi binnewa." Da lanƙwasasshen mashin nan Mehar ya ja kunyar shuka ta farko, ya binne alkamar.

Ta rayu har girbi. Ya gasa mata gurasa guda, ta ci rabi, ta ba shi rabi. Bayan kwana biyu ta rasu.

Da ayari ya dawo da ramammun dabbobi, suka tarar da rijiya, da gona, da kabari. Suka sauke kaya, ba su sake ɗaurawa ba.

Har yau, in ji su, a ƙauyen da ke kewaye da Rijiyar Nihali, ba mai taɓa sabuwar alkama sai an kai wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru gurasar farko.