Dangwalen Kura a Takardar Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta da kyau.

Kurege malami ne a jami'ar dabbobi, yana binciken maganin ciwon kofato. Ya je neman tallafi wurin Giwa tare da Kura, shugabar sashensu.

Giwa ta ce, "Zan ba da gero buhu goma, amma sai jami'arku ta kawo nata kason."

Kura, don a san da ita, ta ce, "Ranki ya daɗe, ni da kaina zan yi kwana arba'in ina tonon saiwoyi."

Kurege ya rubuta, Kura ta dangwala hannu.

Da gero ya iso, sai Kura ta miƙe ƙafa a inuwa. Kurege ya ce, "Shugaba, saiwoyin fa?"

Ta ce, "Malam, ai daɗin baki ne don a samu tallafi."

Ya ce, "To shi ke nan. Sai dai Giwa za ta zo ƙirga ramuka, kuma ba gidana za ta nufa ba. Gidan mai dangwale za ta."

Kura ta tuna faɗin ƙafar Giwa. Kwana arba'in tana tono har faratanta suka dakushe. A rami na ƙarshe aka dace da saiwar maganin, barewa da gada suka warke, Giwa ta ninka tallafin.

Giwa ta ce, "Bana wa zai ɗauki kason jami'a?"

Kurege ya waiwayi Kura, ya ga ta zauna a kan hannayenta.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙare ta.