Tsohuwa Mai Tsefe Buri

"Ku matso kusa da fitila. Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin ƙofa."

"Ta shigo mu ji ta, Kaka."

Wata mata ce, sunanta Tabawa, mai daddawa. Daddawarta ta yi suna, har daga ƙauyukan gefe ake zuwa saye. Amma hankalinta ba ya kwance, don buri uku ne ke cin ta. Tana son saniya tata ta kanta. Tana son ɗakin soro, ta huta da na ciyawa mai yoyo. Na ukun shi ne mai ciwo. 'Yarta Ladiyo ta shekara uku ba ta taka ƙasa ba, sai jan gindi. Kullum da safe sai Tabawa ta murza mata ƙafafu da man kaɗanya, ta tsayar da ita jikin turmi, ta ce, "Taho, uwata, taho." Sai yarinya ta zube. Sai uwar ta juya baya ta share hawaye.

Ran nan sai ta goya Ladiyo ta shiga daji neman ɗorawa. Rana tsaka, daji ya yi tsit, ko kurciya ba ta kuka. Sai ta ga wata tsohuwa zaune a gindin tsamiya da matsefi a hannu. Tsohuwar nan ba ta ƙifta ido.

"Sannu da hutawa, Iya."

"Yauwa, Tabawa. Kanki ya yi nauyi. Zo in tsefe miki."

"Iya, ina kika san sunana?"

"Kai mai nauyi, tun daga nesa nake jin sa."

Da ku ne, da gudu za ku yi. Ita kuwa gajiya ta yi mata yawa. Sai ta ɗora kai a cinyar tsohuwa, ta ji ta da sanyi kamar gindin randa. Sai tsohuwa ta fara tsifa tana waƙa:

"Tsefe, tsefe, kai ya huta,
Bar mini nan, je ki gida."

Sai ta zaro wani dogon gashi yana motsi kamar tana. Ta jefa shi cikin gora ta toshe.

"Iya, mene ne wannan?"

"Saniyarki ce."

Tabawa ta tashi, kai sakayau. A hanya ta wuce garken shanu, ko kallo ba su ishe ta ba. Kuma in gaya muku gaskiya, ta ji daɗi. Ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Da kwana bakwai ya zagayo, sai ta koma.

"Iya, akwai saura."

"Na sani. Kwanta."

Sai tsohuwa ta yi tsifa, ta yi waƙa, ta zaro gashi na biyu, ta jefa a gora.

"Wannan fa?"

"Soronki ne."

Da ruwa ya sauko, ɗaki ya yi yoyo, sai Tabawa ta tara ƙwarya tana dariya. Mijinta Nomau ya dube ta ya ce, "Ke kuwa me kike ci a ɓoye? Har kumatu kika yi." Da a nan ta tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

To, amma da biyun suka tafi, sai na ukun ya sami fili shi kaɗai, ya riƙa cin ta dare da rana. Wata safiya tana cikin murza ƙafafun Ladiyo, sai ga ɗan maƙwabta, wanda aka haifa bayan Ladiyo da shekara guda, ya shigo da gudu yana bin ɗan tsako. Tabawa ta bi ƙafafunsa da kallo. Sai ta rufe man kaɗanya, ta goya 'yarta, ta kama hanyar tsamiya.

Wannan karon tsohuwa ta koma bayan bishiyar. Tabawa ta zagaya, sai ta ga suri birjik, irin wanda gara ke ginawa, jere kamar mata a gidan suna. Ta matsa kusa da ɗaya. Sai ta ga fuska a jiki, ido buɗe, tana murmushi.

"Iya, su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda suka huta ne. Tambaye su."

Tabawa ta sunkuya. "Baiwar Allah, kina jin daɗi?"

"Daɗi," in ji fuskar. Sai sauran duk suka amsa a hankali, "Daɗi, daɗi."

"Ba kya son komawa gida?"

"So?" in ji fuskar. "Mene ne so?"

Tabawa ta miƙe. Ta juya za ta tafi, sai ta ji ƙafafun Ladiyo suna lilo a bayanta, laƙwas, ba ƙarfi. Sai ta tsaya.

"Iya, in kin cire, zan daina kuka?"

"Har abada."

"Ladiyo fa?"

"Ba 'yarki zan taɓa ba. Jiran kawai zan cire."

Ni dai ba na zagin Tabawa. Tausayinta nake ji, don shekara uku tana jira, kuma ba wanda ya ce mata ga ranar. Sai ta kwance goyo, ta zaunar da Ladiyo can nesa a inuwa, ta dawo ta ɗora kai.

Tsohuwa ta yi waƙa, amma wannan karon ba ta ce "je ki gida" ba. Ta kama gashi ta ja. Ta ja, ta ja, yana fitowa ba ya ƙarewa, har Tabawa ta ji ana tumɓuke shi daga ƙirjinta. Sai ya fito da jini a saiwa. Tsohuwa ta toshe gora, ta shige cikin tsamiya.

Tabawa ta zauna. Ba ƙuna, ba nauyi, ba komai. Sai gara ta fito daga ƙasa ta fara gini a ƙafafunta.

"Inna!" in ji Ladiyo.

Shiru.

"Inna!"

Shiru. Yarinya ta fara jan gindi, sai ta tarar ƙasa duk gara ce, tana cizo. Sai ta kama saiwar tsamiya ta miƙe. Ƙafafu na rawa. Sai ta saki. Ta ɗaga ɗaya ta taka. Ta ɗaga ɗayar ta taka. Tana tangaɗi, tana kuka, har ta iso gaban uwarta da ƙafafunta.

"Inna, duba! Inna, na taho!"

A lokacin ƙasa ta kai wa Tabawa ƙirji. Ta dubi 'yarta tsaye. Ta yi mata murmushi, irin wanda za ta yi wa kowane ɗan hanya.

"Sannu, yarinya," in ji ta.

Ladiyo ta ja ta, ta ja ta, har ƙasa ta rufe wuya. Da rana ta yi sanyi, sai ta juya ta nufi gida ita kaɗai, taku ɗaya bayan ɗaya. Uwar tana kallon ta har ta ɓace, kuma ko a jikinta.

Ƙurunƙus kan kusu, ya shige raminsa.

Buri in ya yi yawa, a rage shi, ba laifi. Amma wanda ke tashin ku da safe, ko da yana sa ku kuka, kada ku ba kowa ya cire muku. Ku tashi haka nan, ku riƙe hannun ƙanana.