Matuƙin da Ya Raina Iska

Akwai wani mutum, matuƙin jirgin sama, wanda ya tsufa a kan aikinsa. Jirginsa ƙarami ne, mai farfela ɗaya a hanci, ba ya ɗaukar mutane da yawa. Aikinsa shi ne ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, ya kawo su asibiti a cikin gari. Da ya ga idonsa ya fara rauni, sai ya nemi wanda zai gaje shi. Ya sami wani saurayi mai kaifin kai da saurin hannu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya fara koya masa tuƙi.

Saurayin nan yana son tashi sama ƙwarai. In aka ce ya kama sitiyari, sai ka ga fuskarsa ta washe. Amma tsohon yana da wata al'ada da take gundurar sa. Kullum kafin su shiga jirgi, sai ya zaunar da shi a kan benci a ƙarƙashin rumfa, ya yi ta yi masa bayani a kan iska.

Yakan ce masa, "Ɗana, iskar nan da ka ɗauka ba kome ba ce, tana da nauyi. A jibge take a kanmu kamar buhunan hatsi da aka ɗora wani kan wani, na ƙasa shi ya fi shan danniya. Shi ya sa iskar kwari take da kauri. In ka hau sama kuwa, sai ta yi ta tsinkewa kamar kunun da aka cika wa ruwa. Zafi ma haka yake yi mata. Da sanyin safiya a dunƙule take, amma in rana ta take, sai ta buɗe ta yi sako-sako. In kuma ta sha danshi, sai ta ƙara rashin nauyi. To, a kanta fikafikai suke dogara, ita farfela take yanka, ita kuma inji yake shaƙa. Ranar da ta tsinke, su ukun tare suke raunana."

Wata rana suna can sama, tsohon ya shanye ruwan da ke cikin gorar roba, ya murɗa murfinta tam, ya ajiye. Da suka sauka ƙasa, ya ɗauko ta ya miƙa wa saurayin. Ga ta nan ta motse, ta lotsa ta kowane gefe, kamar wani ya matse ta da hannu.

Ya ce, "Wa ya taɓa ta?"

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Ba kowa, Baba."

"To, ka ga ƙarfin abin da ba ka gani."

Saurayin ya ce, "Na gani, Baba." Amma idonsa yana kan jirgin. A ransa yana cewa, jirgi dai da inji yake tashi, da kuma hannun gwani. Ya haddace abin da aka faɗa masa don ya ci jarrabawa, ya kuwa ci. Bayan haka bai ƙara komawa kan darasin ba.

Kwanci tashi, tsohon ya ajiye aiki, ya danƙa masa jirgin. Saurayin ya zama gwani na gaske. Yana sauka a filayen da wasu suke tsoro, yana kuma tashi da kayan da wasu ba sa yarda su ɗauka. Ba mugu ba ne. Yana da tausayi, ba ya iya ganin mutum yana roƙo ya hana shi. Sunansa ya bazu a ƙauyuka, har yara in sun ji ƙarar jirgi sai su fito da gudu suna kiran sunansa. Da farko yakan je gaida tsohon ya tambaye shi wannan da wancan. Daga baya ya rage zuwa, domin ya ga kamar ba sauran abin tambaya.

Ana nan, sai aka aiko daga wani ƙauye da ke can kan tsauni cewa matar wani manomi tana kwance da ciwon ciki mai tsanani, in ba a yi mata aiki a asibiti ba, ba za ta rayu ba. Matuƙin ya tashi da sassafe. Ya sauka a filin ƙauyen cikin sanyi, ba wata wahala. Filin gajere ne, ciyawa ce a kansa, a ƙarshensa kuma akwai dogayen itatuwa a jere.

Amma ya tarar ba a iso da matar ba tukuna, gama gidansu yana bayan wani rafi, a kafaɗa ake ɗauko ta. Sai mutanen ƙauyen suka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, suka kawo abinci, suka kewaye shi suna ba da labarin mutanen da ya ceta. Ya ci, ya sha, ya ji daɗin maganarsu. An yi ruwa jiya, ƙasa tana da laima. Rana ta yi ta hawa, har ta tsaya tsaka, ƙasa ta fara huci, gumi yana keto wa kowa.

A lokacin ne aka iso da matar. Yayarta tana biye, ita ce za ta yi jinya. Aka kwantar da mara lafiyar a baya, yayar ta zauna kusa da kanta. Sai mijin ya zo ya durƙusa a gaban matuƙin, ya kama ƙafarsa.

Ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah ka tafi da ni. Tun da na auro ta ba mu taɓa rabuwa ba. In ma mutuwa za ta yi, ta mutu ina kusa."

Kafin ya amsa, sai ga dattawan ƙauyen sun sa an kawo buhunan dankali, suka ce godiyarsu ke nan, kada ya ƙi, ƙin kyauta raini ne.

Matuƙin ya dubi mutumin, ya dubi buhunan, ya dubi itatuwan da ke ƙarshen filin. Maganar tsohon ta gifta a zuciyarsa: ga tsauni, ga zafi, ga danshi. Akwai ma'aunin zafi a jikin tagar jirgin, da ya ɗaga ido da ya karanta. Da ya ce a bar buhunan, mijin kuma ya biyo baya wata rana, da jirgin ya ɗauki matan nan biyu. Amma ƙauye duka ya zuba masa ido. Ya ji nauyin buɗe baki ya ce, "Jirgina ba zai iya ba." Ya kuma tuna sau nawa ya tashi da kayan da suka fi waɗannan daga filin gari. Bai tsaya ya tuna cewa filin gari a kwari yake ba, kuma da sanyin safiya yake tashi.

Ya ce wa mutumin, "Tashi, shigo. Zan kai ku."

Mijin ya zauna a gaba kusa da shi, yana ta sa masa albarka. Aka loda buhunan. Ya ta da inji, inji ya yi ƙara kamar kullum. Jirgin ya fara gudu a kan ciyawa. Ya yi gudu, ya yi gudu, amma yana jan jiki kamar mai tafiya cikin taɓo. Ya wuce inda ya kamata ya ɗaga, bai ɗaga ba. Matuƙin ya ja sitiyari. Jirgin ya ɗan rabu da ƙasa, ya yi rawa, ya ƙi hawa. Ya sāke ja da dukan ƙarfinsa, amma fikafikan ba su sami abin dogara ba. Mutanen da suke ɗaga hannu suna ban kwana suka ga jirgin ya nufi itatuwan nan kai tsaye. Sai ƙara, sai shiru.

Mijin matar, wanda ya shiga da ƙafafunsa lafiya lau, nan take ya cika. Matan biyu da ke baya suka fita da rai. Matuƙin kuwa aka jawo shi ƙafafunsa biyu a karye, bayansa kuma ya taɓu.

Da yamma, bayan rana ta yi sanyi, wani jirgi ya zo ya ɗauki matar da yayarta da matuƙin. A wannan fili ya tashi, ya haye waɗannan itatuwa ba tare da wata wahala ba.

Aka yi wa matar aiki, ta tashi. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne, "Ina maigidana?" An riga an binne shi a kan tsaunin.

Tsohon ya ji labari, ya sa aka yi masa jagora zuwa asibiti. Ya zauna a bakin gadon, ya laluba ya kama hannun almajirinsa.

Can sai matuƙin ya ce, "Baba, injin lafiyarsa ƙalau. Akwai mai. Hannuna bai kuskure ba."

Tsohon ya ce, "Na sani, ɗana."

"Ka faɗa mini. Ka sha faɗa mini."

Hawaye ne kawai suke bin gemun tsohon.

Ranar da aka sallami matar, ta biyo ta ƙofar ɗakin da matuƙin yake kwance, yayarta tana riƙe da ita. Ta tsaya ta dube shi. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma sai ta ce a hankali, "Sannu. Allah ya ba ka lafiya." Ta juya ta tafi, ta koma kan tsauni wurin 'ya'yanta da gonar da ba mai noma ta. Shi kuwa ya warke da sanda a hannu, bai ƙara tuƙa jirgi ba har ƙarshen ransa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa.

Jirgin shi ne aikin da Allah ya danƙa wa kowannenmu: gida, ko sana'a, ko hidima a cikin ikkilisiya. Injin da gwanintar hannu su ne baiwar da ya ba mu, wayo da ƙarfi da iya magana. Waɗannan ana ganinsu, ana kuma yaba su. Iskar kuwa ita ce alherin Allah da ke ɗauke da mu. Ba ta ƙara, ba ta nuna kanta, shi ya sa muke mantawa da ita. Mutum yakan yi shekaru yana tafiya a kanta, yana zaton ƙarfinsa ne.

Kada wani ya ce alherin Allah yana ƙarewa. Ba ya ƙarewa. Amma akwai wuraren da zuciya take hawa, inda ba ta shaƙar sa sosai. Tsaunin nan shi ne ɗaukaka. Lokacin da kake kwari, ba ka da kome, ba wanda ya koya maka addu'a, da kanka kake durƙusawa. Amma da aka fara kiran sunanka, aka ba ka kujerar gaba, sai addu'ar ta gajarce, karatun Maganar Allah ya zama na sauri, dattawan da suke yi maka faɗa ka daina zuwa wurinsu. Zafin rana kuwa shi ne yabon mutane. Yana da daɗi, amma yana sa zuciya ta kumbura, ta yi girma a ido alhali cikinta ya zama fanko. A waje ba abin da ya sāke. Muryarka a waƙa tana nan, matsayinka yana nan, ƙarar injin tana nan kamar jiya. Sai ranar da aka ɗora maka nauyi, sa'an nan za a gane ba abin da ke riƙe da kai.

Ku lura kuma, matuƙin nan ba don mugunta ya faɗi ba. Tausayi ya ji, amma tausayin ya gauraya da kunyar a ce bai iya ba. Da yawa a cikinmu haka muke. Mun gwammace mu ɗauki abin da ya fi ƙarfinmu da mu ce, "Yau ba zan iya ba, ku bari in nemi fuskar Ubangiji tukuna." Alhali faɗin haka tawali'u ne, ba ragwanci ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin misalin nan shi ne, ba matuƙin ne ya mutu ba. Wanda ya amince da shi ne ya mutu. Uba in ya raina Allah, 'ya'yansa suna cikin jirgin. Uwa haka, malami haka, mai wa'azi ma haka, ni da nake tsaye a gabanku ban fita ba. Na gaskata in matuƙin nan ya tuba, Allah ya gafarta masa, gama jinƙansa ba shi da iyaka. Amma gafarar ba ta mayar wa matar nan mijinta ba, ba ta kuma mayar wa yaran ubansu ba.

Saboda haka yau in ka koma gida, ka dubi fuskokin waɗanda suke cin abinci tare da kai. Sun miƙa maka ransu ba tare da sun tambaye ka kome ba. Ka shiga ɗaki, ka durƙusa, ka tambayi kanka a gaban Allah abin da su ba za su taɓa tambayar ka ba: a kan me nake ɗauke da su?