Yadda Kurege Ya Zaɓa wa Zaki Gidan Hutu

Manya sun ce babu abin da ke gigita gida kamar yunwa a tsakiyar bazara. Da alama manyan nan ba su taɓa zama da matar da ƙanwarta ta dawo daga hutu ba.

To, ga ta nan, mai tabarma ya gyara zama.

Kurege ne da matarsa Ladingo da 'ya'yansu, suna zaune a wani rami da ya gada wurin kakansa, irin ramin da in rana ta take ko ƙuda ba ya leƙawa. Rumbunsu kuwa ba za a ce babu komai a ciki ba, akwai iska. Ana cikin haka sai ƙanwar Ladingo ta dawo daga bakin Tafkin Marke, inda manyan dawa ke da gidajen haya na masu zuwa hutu. Ta wuni tana ba da labarin inuwa da sanyin ruwa. Da ta tafi, Ladingo ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, bana ko ta sha iskar tafkin nan ita da yaranta, ko ta kwashe su su je su sha ta gidan ubanta, kuma ya dai sani ita ba mai saurin dawowa ba ce.

"Ladingo, kin manta wanda kike aure," in ji Kurege. "Ni ne ƙaramin da manya ke yi wa aiki ba su sani ba. Faɗi irin gidan da kike so."

Ta ce mai inuwa, kusa da ruwa, da madafi mai kyau, kuma kada maƙwabta su kasance masu cin kurege. Na ƙarshen nan ta maimaita shi.

Da gari ya waye Kurege ya tafi bakin tafki duba gidaje. Gidaje kam akwai su. Akwai na Gwaggon Biri, wanda aka ce iska na shigarsa ta ko'ina. Ya je ya tarar ba a yi ƙarya ba, don babu rufi. Akwai na Kada, wanda aka ce baƙin da suka sauka a ciki ba su taɓa kawo ƙara ba. Kurege ya tambayi inda baƙin suke yanzu, aka shiga yi masa zancen zafin bana. Biyu ne suka kwanta masa a rai: na Dorina, a gindin wata ɗorawa mai duhun inuwa, da na Kura, kogon dutse mai sanyi kamar randa. Sai dai kowanne mai gida ya ce a kawo kafin alƙalami, wato abin da mai kama gida ke ajiyewa don a san da gaske yake. Kurege kuwa da gaske yake, abin ajiyewar ne babu.

Yana hanyar komawa gida ya ga wani curin gashi ja maƙale a jikin sarƙaƙiya. Ya sansana, ƙafafunsa suka nemi gudu da kansu, ya tsai da su. Gezar Zaki ce ƙaya ta tsinka. Ya ɗauka ya goge, ya isa gida yana murmushi, ya ce wa Ladingo ta ɗaure kaya, ta kuma ara masa tsohon farin zanenta.

Da gari ya waye Dorina na kwance a tabo sai ta ga wani rawani yana tahowa, da ɗan abu a ƙarƙashinsa, ga mace da yara a baya. Rawanin ya yi sallama, ya ce shi ne Wakilin Masauki na Zaki. Ya ce mai girma na da niyyar kawo iyalinsa hutu bana, amma babba ba ya kwana a ɗakin da ba a kwana masa ba, ba ya cin abincin gidan da ba a ɗanɗana masa ba. Shi ya sa ya taho da nasa iyalin, don gidan iyali sai iyali ke gwada shi.

Dorina ta yi maraba ƙwarai, sannan ta ɗan yi gyaran murya, ta ambaci kafin alƙalami a hankali.

Kurege ya zaro gezar nan daga rawani ya ajiye a gabanta. "Ga shi, Hajiya. In bai isa ba, sai in koma in ce ya zo da sauran a jikinsa."

Dorina ta ce ya isa, har ya yi yawa. Kurege ya mai da gezar cikin rawani.

Nan suka sauka. Kurege ya kama aiki bilhaƙƙi. Ya gwada inuwa da safe, ya gwada ta da hantsi, ya gwada ta da la'asar, duk a kwance. In an kawo abinci ya ce miyar ta yi, sai dai Zaki ba ya son a yanke hukunci da kwano ɗaya. Yaran da suka zo kamar tsinken tsire suka yi kumatu. Ladingo ta shiga ruwa har wuya, tana haddace abin da za ta faɗa wa ƙanwarta.

Da Kurege ya ga gaisuwar Dorina ta fara gajarta, kwanon ma ya bi sawu, sai ya gyara rawani ya ce mata albishirinta, gidanta aka zaɓa. Dorina ta yi guɗa har kifaye suka watse, ta ba shi buhun gyaɗa goron albishir. Ya ja mata kunne kada ta faɗa wa ko ɗaya daga cikin masu gidajen haya, saboda hassada. Ta ce ko da wasa. Ta hau yaɓe da dabe, don babban baƙo.

Da gari ya waye suka nufi kogon Kura. Ladingo ta tuna masa sharaɗinta na ƙarshe.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Kura na cin kurege, ba ta cin wakili."

Kura ta fito ta dubi yaran nan masu kumatu, ta haɗiyi yawu, ta ce tubarkalla, yara sun yi kyau. Kurege ya karanta mata karatun da ya yi wa Dorina, ya nuna geza. Yawun ya ƙafe nan take. Ta share kogo, ta yi shimfiɗa, ta riƙa yawon gonakin mutane tana kwaso musu gyaɗa da gurjiya, abin da ita ko a mafarki ba ta ci. Da aka kwana biyu ita ma aka yi mata albishir, aka ja mata kunne, aka kuma shaida mata cewa wakili zai zauna ya riƙe gidan har mai girma ya iso.

Kurege ya auna komai, ya ga ba ƙofa. Masu gida ba za su faɗa wa juna ba, don hassada. Ba za su je su tambayi Zaki ba, don tsoro. Abu ɗaya ya tsere masa. A dajin nan, in babba ya yi maka alheri, kana shiryawa ne ka je har ƙofarsa ka durƙusa ka yi godiya. Kurege bai hana su wannan ba, don shi bai taɓa yi ba, bai san ana yi ba. Dorina gyaran gida da nauyin jiki suka tsai da ita, Kura kuwa rawar jiki ta gaggauta ta, sai ga su a ƙofar Zaki a safiya ɗaya.

Da hantsi Kurege na kwance a bakin kogo, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ya ga inuwa ta ƙaru ba tare da an dasa itace ba. Ya ɗaga rawani. Zaki ne a tsakiya, Dorina a dama da cizo a kunne, Kura a hagu tana ɗingishi.

Zaki bai ɗaga murya ba. Ya ce ya tashi ne ya tarar da bayin Allah biyu a ƙofarsa, kowacce na gode masa da ya zaɓi gidanta, kafin ya amsa sun kaure da kokawa sun rushe masa danga. Ya ce shi dai sai yau ya ji labarin zai tafi hutu.

"An ce kai ne wakilina."

"Ranka ya daɗe, bawa nagari ba ya jira a aike shi," in ji Kurege. "Na ga zafin bana, na ga gezar nan taka, na ce wannan ai zalunci ne a bar ka a tudu."

"Madalla. To wanne ka zaɓa min?"

Kurege ya dubi ƙafar Dorina, ya dubi haƙoran Kura. Tun da yake bai taɓa ganin tambayar da amsoshinta biyu duka ke da ciwo irin wannan ba. Ya waiga don ya nemi shawarar Ladingo, ya ga ba Ladingo, ba yara, ba buhun gyaɗa, sai wani sabon rami a ƙuryar kogo. Ashe tun ranar da suka sauka take haƙarsa, ba ta ga amfanin damun wakili da ƙananan magana ba.

Ya ce in don shi ne, na Hajiya ya fi inuwa, na Kura kuma ƙofarsa ta yi wa kafaɗar mai girma kaɗan.

Bai rufe baki ba Kura ta zabura. Dorina ma ta taso, ita saboda gyaɗarta. Zaki ya kai hannu don ya karɓi gezarsa, sai dai hannun Zaki ba ya bambance karɓa da mari. Rawani ya yi gabas, Kurege ya yi yamma, ya bugi bango, ya mirgina, ya faɗa ramin Ladingo da ka. Kura ta sami abin da ya rage a waje, ta ɗan ɗanɗana.

Zaki kuwa ya je ya duba gidan Dorina, ya ga sabon yaɓe, ya ga inuwa, ya ce lalle yaron nan ya san gida. Ya kwaso iyalinsa ya tare har damina ta faɗi. Ba wanda ya yi masa zancen haya. Dorina ma sake zuwa ta yi ta gode masa.

A tsohon raminsu, Ladingo ta ce tunda ta sha iskar tafki, ga kuma gyaɗa, bana ta fasa zuwa gidan ubanta, baɗi kuwa sai abin da ta gani. Kurege ya tara yara ya ce su buɗe kunne.

"Ku je ku tambaya duk dajin nan, wa ya zaɓa wa Zaki gida, Zaki ya shiga bai kushe ba? Ubanku ne. Baɗi Giwa zan yi wa."

A kwance rub da ciki ya faɗi wannan, don zama bai yiwu ba tukuna.