Tudun da Akuya ke Hawa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.
Ta zo mu sha labari!

Akuya dai kullum tana kan wani tudu tana hango laifin dabbobi. Ran Lahadi, ana shirin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki a majami'a, ta ce wa Fasto Kunkuru, "Baba, a hana Kura ci, ɓarauniya ce."

Ya ce, "'Yata, kowa ya binciki zuciyarsa tukuna."

Ta koma tudunta tana fushi, barci ya kwashe ta. A mafarki tudun ya nisa, ya ce, "Ni ne dawar mutane da kika cinye, ni ne gulmarki. Tsawona kike takawa ki hango wasu."

Ta farka da hawaye, ta gangara majami'a, ta zauna kusa da Kura. Da gurasa ta iso, Akuya da kanta ta miƙa wa Kura.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa toka!