Cindo da Giwayen Gandun Daji

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah mai suna Cindo, a wani gandun daji can nesa da gari. Aikinsa rakiyar baƙi masu zuwa kallon namun daji. Ba ya faɗa, ba ya fankama. Duk baƙon da ya zo, shi yake nema.

To, akwai abokin aikinsa, Jatau. Ku saurara da kyau. Cindo bai taɓa yi masa komai ba, amma ko gaishe da Cindo aka yi, sai Jatau ya hau ƙunƙuni: "Me ya fi ni da shi? Me ya fi ni?"

Sai Jatau ya riƙa sammako, yana turara hayaƙin barkono a tafkin da giwaye ke shan ruwa. Giwaye suka ƙaura. Cindo ya kai baƙi, wayam. Ya sake kaiwa, wayam. Shugaban gandu ya fusata, ya mayar da Cindo gadin ƙofa, ya ba Jatau motar baƙi.

Amma ai wanda ya kori giwa bai san inda ta nufa ba! Jatau ya wuni yana zagaye da baƙi, ko gada ba su gani ba. Suka fara guna-guni.

Da Jatau ya biyo ta ƙofa, Cindo ya matso ya rage murya: "Malam Jatau, bi ta rafin giginya. Masu kiwo sun hango su can."

Ya bi. Ga garken giwaye har da 'ya'yansu. Baƙi suna ta sa masa albarka, shi kuwa kowace albarka kamar garwashi a ƙirjinsa.

Ya dawo ya tsaya gaban Cindo. "Ka san ni na sa hayaƙin nan?"

"Na sani."

"To me ya sa ka taimake ni?"

Cindo ya ce, "Bayin Allah sun taso daga uwa duniya su ga ikon Ubangiji. In bari su koma hannu rabbana saboda ni da kai?"

Jatau ya kasa ɗaga kai. Motar ta zama tasa, amma kullum ya zo ƙofar nan sai ya sunkuyar da kai.

'Yan'uwa, hassada tana iya ƙwace maka kujerar wani, amma ba za ta bar ka ka zauna lafiya a kai ba. Kai da kake jin zafin maƙwabcinka a kasuwa ko a wurin aiki, tambayi kanka yau: me ya yi maka? In ba komai, to je ka gaishe shi, ka roƙi Allah Ya wanke maka zuciya.