Kwalin da Dotun Ya Zaɓa

Akwai wani mai maɗaba'a a unguwar Mokola ta Ibadan, sunansa Dotun. Ya yi karatun zane da ɗab'i, hannunsa yana da kyau, sai dai ba ya son a gyara masa.

Wata rana Anti Remi ta zo wurinsa. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, da girkin biki take riƙe su. Karon farko ke nan da ta samu babban aiki: bikin cikar Baba Oyelakin shekara saba'in. Tana son kwalayen zuba abinci masu hoton tsohon.

Dotun ya tafi sayen kwali shagon Mama Abeke, wadda ta shekara talatin tana sayar da takarda ba ta taɓa shiga aji ba. Ya nuna wani fari sol mai sheƙi.

"Me za a zuba a ciki, ɗana?"

"Dafa-duka da soyayyen nama da alala."

Ta girgiza kai. "Wannan na katin gayyata ne da kalanda. Hoto yake so, ba ya son mai da tururi. Ɗauki wancan mai kauri, cikinsa akwai shafe, maiƙo ba ya ratsa shi. In za ka naɗe shi kuma ka bi tsawon zarensa, in ba haka ba ya tsage a gaɓa."

Dotun ya yi dariya har maƙwabta suka leƙo. "Mama, takarda ce fa, ba atamfa ba! Wancan dusu-dusun zan ɗora wa fuskar babban mutum? Ki bar wa masu karatu aikinsu."

Ta ɗaure masa wanda ya zaɓa.

Kwalayen sun fito gwanin sha'awa. Anti Remi ta yi ta sa masa albarka, har ta gayyace shi bikin.

Ran biki aka zuba abinci da zafinsa tun hantsi, aka jera. Kafin makaɗa su gama wasa tsohon, tururi ya jiƙa kwalayen, mai ya ɓullo a kan hoton. Da aka fara rabo, gindin na farko ya ɓalle a cinyar babbar 'yar Baba Oyelakin, a kan farin leshin anko. Sai na biyu, sai na uku. Shinkafa a ƙasa, mata na tsalle suna kakkaɓe zane.

'Yar tsohon ta nufo Anti Remi a gaban jama'a. "Dama an ce mini kar in ba ki! Kin kunyata mahaifina!"

Anti Remi ta durƙusa tana ba da haƙuri, hawaye na zuba. Dotun yana tsaye taku biyar daga wurin. Ya buɗe baki zai ce laifinsa ne, ya kasa. Ya sulale ta bayan rumfa ya tafi.

Kwana uku bai buɗe shago ba. A na huɗu ya je wurin Mama Abeke, ya kwanta rub da ciki, irin ban haƙurin Yarbawa, a gaban maƙwabtan nan da suka ji dariyarsa.

"Tashi," in ji ta. "Ni dariya kawai ka yi mini, ban rasa komai ba. Matar da ka bari a durƙushe fa?"

Daga nan gidan Baba Oyelakin ya wuce. A gaban tsohon da 'ya'yansa ya faɗi komai: an gargaɗe shi, ya ƙi ji, mai girki ba ta da laifi.

'Yar tsohon ta kira Anti Remi a waya ta nemi afuwa, ta kuma ba ta girkin sunan jikarta.

Da Dotun ya je gaishe da Anti Remi, ta dube shi ta ce, "Kwalin na yafe tun a wurin. Tafiyar da ka yi ce take mini ciwo."



Darasi: Kada ka raina sanin wanda ya tsufa a kan sana'arsa don bai yi boko ba. In kuma kuskurenka ya faɗa kan wani, tsaya ka ɗauki laifinka a lokacin, kar ka bar shi da kunyar. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.